Wa Ke Tsaya wa Ƙaramar Hukuma a Kotu? Nazari kan Ɗaukar Lauya da Kuɗinsa a Ƙasar Gumel

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar da ta fi kowace taɓa ƙananan hukumomin Nijeriya tun dawowar mulkin farar hula a 1999. Mai shari'a Emmanuel Agim, wanda ya karanta jagoran hukuncin, ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma gwamna ba shi da hurumin rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya naɗa kantomomi. An yi ta sharhi a gidajen rediyo da majalisun hira, amma ba a cika lura da waɗanda suka tsaya gaban alƙalan ba. Mai ƙara Antoni Janar na Tarayya ne, Lateef Fagbemi. Waɗanda ake ƙara jihohi 36 ne, ta hannun antoni janar ɗinsu. Babu ƙaramar hukuma ko ɗaya a ɓangarorin shari'ar, domin tsarin mulki bai buɗe wannan ƙofa ta shiga Kotun Ƙoli kai tsaye ba sai ga tarayya da jihohi.

Wannan ya fito da wani abu da aka daɗe ana kauda kai daga gare shi. Lauyoyin da ƙaramar hukuma ta saba jingina da su, wato na ma'aikatar shari'a ta jiha, a ranar suna ɗaya ɓangaren, suna kare gwamnatocin da suka ɗauke su aiki. Ba laifinsu ba ne, aikinsu ke nan. Amma ga Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙananan hukumomi huɗu da suka haɗa masarautar Gumel, tambayar ta zama ta zahiri: in kuɗi ya shigo hannunka, kana sa hannu a kwangila, kana raba fili, kana ɗauka kana sallama, wane ne lauyanka, ta wace hanya ka zaɓe shi, kuma daga wane aljihu za a biya shi?

Dattawan Ɗanzomo ta ƙasar Gumel da suka ga zamanin En'e za su shaida cewa a da tambayar ba ta taso ba. Rikicin gona ko na gado ko na bashi, daga gaban bulama yake tashi zuwa hakimi, in ya gagara ya isa gaban alƙali, mafi girma ya kai majalisar Sarki a Gumel. Doka ma ta hana lauya bayyana a kotunan gargajiya, kuma hanin ya bi kotunan yanki da suka gaje su a 1968. En'e ita ce mai mulki, kotun tata ce, 'yan doka nata ne, gidan yari nata ne. Talaka ya kai En'e ƙara abu ne da ba ya zuwa ran kowa. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya canza wannan daga tushe. Ƙaramar hukuma ta zama hukuma mai suna da hatimi, wadda za ta iya kai ƙara, a kuma kai ta. Sai dai fasalin sassan da aka gina ta a kai, na mulki da ma'aikata, da kuɗi, da ayyuka, da gona, da lafiya, da ilimi da walwala, bai ware wa shari'a ɗaki ba. An ba ta injiniya da akanta da malamin gona da malamin tsafta. Lauya kuwa aka ɗauka cewa in bukata ta taso za a aro daga hedikwatar jiha. Wasu jihohi, kamar Legas, sun buɗe sashen shari'a a ƙananan hukumominsu daga baya. A galibin Arewa tsohon fasalin ne ya ci gaba.

Muddin kuɗi kaɗan ne kuma manyan shawarwari a babban birnin jiha ake yanke su, aron yana wadatarwa. Abin da ya sauya shi ne ƙofofin da ƙara ke shigowa ta cikinsu sun yawaita, kuma kowace tana da alaƙa da wani abu da ƙasar Gumel ke taƙama da shi.

Ƙofa mafi faɗi ita ce ƙasa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a sashe na 6, ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar mallaka ta gargajiya a duk ƙasar da ba a ayyana ta a matsayin birni ba, har hekta 500 don noma, har hekta 5,000 don kiwo, ba sai da izinin gwamna ba. Wannan ba ƙaramin iko ba ne a yankin da kusan kowa manomi ne ko makiyayi. Gero da dawa da wake da riɗi da zoɓo suna neman wuri, burtali da mashaya suna neman nasu, jama'a tana ƙaruwa, ƙasar kuwa rairayi ce mai saurin gajiya. Duk takardar da sakatariya ta buga wa tambari a kan fili, wata rana tana iya zama hujja a gaban alƙali. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na shekarar 2000 a shari'ar Adisa da Oyinwola, Babbar Kotun jiha tana da hurumin sauraron rikicin irin wannan ƙasa ta karkara, don haka mai ƙorafi ba lallai ya tsaya a ƙaramar kotu ba. Mutanen yankin sun kuma ga yadda batun ƙasa ke zafi a zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, lokacin da aka ware kimanin hekta 12,000 a sassan Gagarawa da Sule Tankarkar da Garki da Taura domin noman rake da masana'antar sukari ta kamfanin Lee Group, manoma da dama suka ɗaga murya kan gonakinsu da kan diyya. Shawarar ta jiha ce, amma ƙaramar hukuma ce ke kusa da mai gona. Ita ake tambaya wane ne mai wannan fegi, ita ke da jerin sunaye, kuma sunanta na shiga sammaci cikin sauƙi.

Sai kasuwa. Karar Maigatari, mai ci ranar Alhamis, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi a Afirka ta Yamma. Shanu da raƙuma da tumaki da awaki suna shigowa daga Nijar, manyan motoci suna lodi zuwa Kudu. Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya sa kasuwanni da tashoshin mota da mahauta a hannun ƙaramar hukuma, dokar haraji ta 1998 kuma ta jera kuɗaɗen da za ta iya karɓa. Tun da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano, wadda yankin ke cikinta kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991, kuɗin shiga na cikin gida ya koma dogaro da rumfa da tasha da kara. A ƙananan hukumomi da yawa a faɗin ƙasar nan an koma bayar da karɓar irin wannan kuɗi kwangila: wani ya ɗauki nauyin tarawa, ya riƙa zuba adadi kaza duk wata. To, a ce an rubuta irin wannan yarjejeniya a garin kan iyaka ba tare da an faɗi abin da zai biyo baya in aka rufe iyaka ba. An rufe ta a watan Agusta 2019, ba a buɗe Maigatari ba sai 16 ga Disamba 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, Nijeriya ba ta ɗage ba sai Maris 2024. Sau biyu cikin shekara biyar. Ɗan kwangila zai ce kasuwa ta mutu ba da laifinsa ba, ma'aji zai ce takarda ta ce ya biya. Layi uku da lauya zai ƙara kafin a sa hannu sun isa su raba wannan gardama. In babu su, sai alƙali.

Ma'aikata ma ƙofa ce. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya mayar da duk rikicin aiki, na kora da albashi da ƙarin girma da fansho, hurumin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ita kaɗai. Malamin da aka cire daga takardar albashi bayan tantancewa ba zai je kotun da ke bayan gidansa ba, kuma ƙaramar hukumar da ya kai ƙara dole ta bi shi can da lauya. A nan Jigawa tana da sassauci da ya kamata a faɗa: asusun fansho na karo-karo da ya haɗa ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi ya rage irin tarin bashin 'yan fansho da ke cika kotuna a wasu jihohi. Wannan shaida ce cewa tsari mai kyau yana rage kuɗin lauya tun kafin a kira shi.

Ƙofar siyasa ita ce ta fi tsada, ko da yake zuwa yanzu wasu jihohi ta fi shafa. A Kano an yi ta musayar umarnin kotu tsakanin kotunan tarayya da na jiha kan zaɓen ƙananan hukumomi 44 na Oktoba 2024 da kuma kuɗinsu. A Ribas, Kotun Ƙoli ta soke zaɓen ƙananan hukumomi gaba ɗaya a watan Fabrairu 2025. A Osun an riƙe kason ƙananan hukumomi wata da watanni a 2025 saboda ɓangarori biyu kowanne yana cewa shi ne halattaccen shugabanci, har gwamnatin jihar ta yi zargin cewa ɗaya ɓangaren ya umarci banki ya cire kashi 15 cikin 100 na kuɗin ya biya lauya. Zargi ne, amma ya nuna inda hankali ya karkata. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023 kason wata-wata ya ƙaru ƙwarai a lissafin naira, kuma inda kuɗi ya taru, nan masu da'awa ke taruwa.

Yanzu ga yadda ake ɗaukar lauyan, kamar yadda duk wanda ya zauna a sakatariyar ƙaramar hukuma a Arewa ya san tsarin. Ma'aikacin kotu ya kawo sammaci, magatakarda ya karɓa ya sa a fayil. Fayil ya hau teburin daraktan mulki, ya jira ciyaman ya dawo daga taro a hedikwata. Kwanakin da doka ta bayar na shigar da martani suna ta tafiya. Ranar da aka farga, sai a shiga neman mafita: ko a rubuta wa ma'aikatar shari'a a nemi lauyan gwamnati, ko ciyaman ya ɗauki waya ya kira lauyan da ya sani. Wanda ya sani ɗin, sau da yawa, shi ne wanda ya tsaya masa a rikicin fidda gwani ko a kotun ƙarar zaɓe. "Barista, ga wata 'yar matsala, ka duba mana ita." Da wannan jimla aka ƙulla ciniki. Babu takardar ɗauka, babu farashi, babu iyakar aikin: har ɗaukaka ƙara ne ko iya kotun farko? Kuɗin mota daga Kano ko Dutse zuwa kotu a kan wa yake? Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda ya je neman lauya saura kwana biyu a zauna ba shi da bakin yin tayi.

Ban ɗauki wannan a matsayin mugunta ba. Mutum yana kiran wanda ya amince da shi ne, kuma amana ita ce jarin aikin lauya. Matsalar ita ce amanar ta ciyaman ce, shari'ar kuwa ta hukuma ce. Wa'adin ciyaman gajere ne, shari'ar fili tana iya cin shekara bakwai ko goma kafin ta fito daga Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda a da sai an je Kaduna, yanzu tana Kano. Sabon shugaba ya zo da nasa lauya. Tsohon ya riƙe fayil har sai an biya shi, kuma doka ta ba shi wannan dama. Sabon ya fara daga farko, a biya kuɗin aiki ɗaya sau biyu. Wani lokaci ma babu wanda ya gaya wa sabon shugaba cewa akwai shari'a, sai dai ya ji an yanke hukunci saboda hukuma ba ta halarta ba.

A takardar kasafi, duk wannan yana ɓuya ne a layi guda. Jadawalin asusu na ƙasa, wanda tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi ke tsara kasafinsu da shi, ya ba ayyukan shari'a lamba 22020703, a rukunin kuɗin ƙwararru da masu ba da shawara, cikin kuɗin gudanarwa na yau da kullum. Yadda aka saba cika irin wannan layi shi ne a dubi na bara a ɗan ƙara. Ba a zauna an ƙirga shari'u nawa ke gaban kotu ba, wacce ke dab da hukunci, wacce ake jin za a faɗi. Alhali abubuwa uku ne daban suke cakuɗe a wurin: ladan lauya, da ɗawainiyar shari'a kamar kuɗin rajista da sufurin shaidu da awon fili, da kuma bashin hukunci, wato abin da kotu ta ce a biya wanda ya yi nasara. Na ukun shi ne babba, shi ne kuma wanda ba a cika tanadar masa ko sisi ba. Idan ya faɗo, ana cike shi ne daga inda kuɗi yake: gyaran famfon tuƙa-tuƙa, rufin aji, maganin ƙaramin asibiti. Kotu kuma tana ɗora ruwa a kan bashin hukunci, sau da yawa kashi 10 cikin 100 a shekara, har ranar da aka biya. Jinkirin da ake gani kamar dabara ce, ƙari yake yi.

Akwai wani sakamako na 'yancin kuɗi da ban ji ana yawan ambata ba. A ƙarƙashin asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na tsarin mulki ya kafa, mai bin ƙaramar hukuma bashi yakan sha wuya kafin ya gano inda kuɗinta yake kwance. Aiwatar da hukuncin 2024 ya yi ta jan ƙafa a faɗin ƙasar, amma duk ranar da ya kankama, kowace ƙaramar hukuma za ta kasance da asusu mai sunanta, kuɗi yana faɗawa a lokacin da kowa ya sani. Lauyan mai bin bashi zai nemi kotu ta umarci banki ya riƙe kuɗin. Gaskiya ne sashe na 84 na dokar aiwatar da hukunce-hukunce ya ce sai da amincewar antoni janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati, amma kotuna sun sha bamban kan fassararsa, har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta taɓa yanke cewa kuɗin da ke bankin kasuwanci ba a hannun jami'in gwamnati yake ba. Ma'ana, tsohuwar kwangilar kwalbati da aka manta da ita tun shugabanni uku da suka wuce tana iya tsayar da albashin wata guda. 'Yancin da ake nema yana zuwa ne tare da tsofaffin basussuka, kuma babu mai kare asusun sai wanda ya san fayilolin.

Wanda ke ganin kuɗin lauya ƙaramin layi ne da bai cancanci dogon nazari ba, ya tuna da badaƙalar kuɗin Paris Club. Bayan Nijeriya ta kammala fita daga wannan bashi na ƙasashen waje a 2006, jihohi da ƙananan hukumomi suka ce an zaftare musu fiye da ƙima daga kasonsu wajen biyansa. Ƙungiyar shugabannin ƙananan hukumomi, ALGON, ta shiga yarjejeniya da masu ba da shawara da lauyoyi domin ƙwato kuɗin, a kan za a biya su wani kaso na abin da aka samo. A ƙarshen 2013 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukunci na sama da dala biliyan 3. Daga nan da'awar lada ta biyo baya, har jimlar abin da masu da'awa shida suke nema daga jihohi da ƙananan hukumomi ta kai dala miliyan 418. A 2021 gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince a biya, a riƙa cirewa daga kason jihohi da ƙananan hukumomi tsawon shekara goma. Ƙungiyar gwamnoni ƙarƙashin Kayode Fayemi ta ƙi, Antoni Janar Abubakar Malami ya ce hukunce-hukuncen kotu ne da aka amince da su tun farko, aka ci gaba da fafatawa shekara da shekaru. Daga cikin kuɗin, dala miliyan 159 da'awar lauya guda ce. Raba wannan gida 774, kason kowace ƙaramar hukuma ya haura dala dubu 200. Mai sayar da goro a kasuwar Gumel bai san an ƙulla wannan ciniki da sunansa ba, kansilan da ya zaɓa ma ba a kawo masa takardar a zauren majalisa ba.

Abin da ya haifar da wannan shi ne biyan lada da kaso. Ƙa'idojin aikin lauya a Nijeriya sun halatta shi a shari'ar da ba ta laifi ba, muddin bai wuce hankali ba, kuma yana da amfani ga talakan da ba shi da abin biya sai in ya ci. Ga hukuma kuwa tarko ne mai daɗin shiga. Shugaba ba ya fitar da ko kwabo yau, kasafinsa bai nuna komai ba, odita ba shi da baucar da zai bincika. Nauyin yana faɗawa kan wanda zai zo bayan shekaru. A ganina, ƙaramar hukuma ba ta da dalilin sa hannu a yarjejeniyar kaso sai majalisar kansiloli ta amince a buɗaɗɗen zama, an kuma rubuta adadin da ladan ba zai wuce ba komai yawan abin da aka samo.

Lauyoyin ma suna da nasu kuka, kuma na gaskiya ne. Da yawansu za su gaya maka ba abokin ciniki mai wahalar biya kamar ƙaramar hukuma. Ka yi ta zirga-zirga daga Kano zuwa kotu, a ɗage, ka dawo, ka sa man mota daga aljihunka, sannan takardar kuɗinka ta kwana shekara a ofishin ma'aji. Dokar aikin lauya ta ce sai ya miƙa cikakken lissafi ya jira wata guda kafin ya kai ƙarar neman ladansa, amma wane ne ke son kai ƙarar wanda yake fatan ya sake ba shi aiki? Sakamakon shi ne ƙwararru suna gudu, ko su tsauwala farashi tun farko domin cike asarar jira, ko su tura ƙaramin yaron ofis ya je ya nemi a ɗage. Tun 2023 kuma akwai dokar ladan lauyoyi da ta sa mafi ƙarancin abin da za a karɓa, gwargwadon jiha da shekarun lauya a aiki. Saboda haka tunanin a tara lauyoyi a ba wanda ya fi araha, kamar yadda ake yi da kwangilar siminti, ba zai yi aiki yadda ake zato ba. Ƙa'idar sana'arsu ma ta taƙaita talla da farautar aiki. Jigawa tana da hukumar tantance kwangiloli da bin diddigin ayyuka wadda ta yi suna, amma awon rijiya ko gini daban, awon shawarar lauya daban. Abin da za a iya gwadawa a nan shi ne cancanta: ya taɓa yin shari'ar ƙasa ko ta ma'aikata? Yana da wata shari'a da yake yi da wannan hukuma a ɗaya ɓangaren? Shi zai tsaya da kansa ko wakili zai turo?

A Amurka birane da yawa suna da babban lauyan birni, ma'aikaci na dindindin, kuma shi ne ke yanke shawarar wace shari'a za a yi a gida, wacce za a miƙa wa na waje, shi ke duba takardar kuɗin na wajen layi-layi. Wannan shi ne abin da ya ɓace a wurinmu: mai saye da ya san kayan. Daraktan mulki, komai ƙwarewarsa, ba zai iya cewa wannan ƙara ta shigo bayan wa'adin wata uku da dokar kare jami'an gwamnati ta gindaya ba, ko cewa wannan kariya ba ta shafi kwangila da rikicin fili ba, ko cewa wannan shari'a gara a sasanta domin ba za a ci ba. Lauyan waje kuwa, komai gaskiyarsa, ba shi ne ya fi dacewa ya ce a daina shari'ar da yake cin abinci da ita ba.

Za a ce ƙaramar hukuma kamar Gagarawa ba ta da yawan shari'un da za su ci lokacin lauya na dindindin, albashin da za ta iya biya kuma ba zai riƙe gogagge ba. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ba mu kaɗai ta dama ba. A Landan, ƙananan hukumomi biyar, Merton da Richmond da Sutton da Kingston da Wandsworth, ofishin lauyoyi ɗaya suke amfani da shi, Merton ce ke riƙe da shi, kowa yana biya gwargwadon aikin da aka yi masa. Ƙasar Gumel ta fi su dalilin yin haka. Hukumomin huɗu masarauta ɗaya ce, burtali ɗaya ke ratsa su, 'yan kwangila kusan ɗaya ne, matsalolin iri ɗaya ne, kuma Gumel tana tsakiya, kowa yana isa cikin ɗan lokaci. Ofishi ɗaya mai gogaggen lauya da matasa biyu ko uku ba zai gagari huɗun ba in suka yi karo-karo. Masu aikin ba su yi ƙaranci ba: Jami'ar Bayero tana yaye ɗaliban shari'a duk shekara, makarantar horar da lauyoyi tana Bagauda, kuma cikinsu akwai 'ya'yan yankin da suka san bambancin gonar gado da ta aro da ta jingina ba sai an yi musu bayani ba.

Babban aikin wannan ofishi ba a kotu zai kasance ba. Shi ne duba kowace yarjejeniya kafin a sa hannu, da zama a kwamitin rabon fili, da amsa wasiƙar gargaɗi kafin ta zama sammaci, da tura abin da zai sasantu zuwa sulhu. Yankin yana da hanyoyin sulhu da suka riga kotu: hakimai da dagatai da malamai, ga hukumar sasanta manoma da makiyaya ta jiha. Sau da yawa wanda ya kai hukuma ƙara ba dogon rikici yake so ba, an ƙi sauraronsa ne har ya gaji. Manomin da aka yanki gonarsa aka yi hanya, in aka zauna da shi aka auna aka biya shi abin da ya dace, ya fi sauƙi ga kowa da a biya lauya shekara biyar don a hana shi, a ƙarshe kuma a biya shi da ruwa. Kuɗin jama'a da aka kashe wajen danne haƙƙin ɗaya daga cikin jama'ar, asara ce ko da an ci shari'ar. Lauyan waje zai ci gaba da samun aiki, amma a manyan shari'u, daga jerin waɗanda aka tantance, da takarda mai faɗin aiki da farashi da lokacin biya.

Wahalar tana wajen tambayar wa zai ɗauki wannan lauya, wa kuma zai iya cire shi. Manyan ma'aikatan ƙananan hukumomi a hannun hukumar kula da ma'aikatansu ta jiha suke, ita ke ɗauka, ita ke canza wurin aiki. In aka bi ta nan, lauyan zai samu kariya daga fushin ciyaman ranar da ya ce masa wannan takarda ba ta sa hannu ba ce, amma zai zama ɗan jiha a ranar da muradin ƙaramar hukuma ya ci karo da na jiha, an koma gidan jiya ke nan. In ciyamomin huɗu ne za su ɗauke shi da kansu, zai zama nasu, amma yana iya tafiya tare da su. Mafita mafi kusa da nake gani ita ce yarjejeniyar da majalisun kansiloli huɗu za su zartar, mai wa'adin da ya zarce na shugaba guda, wadda ba za a cire lauyan ba sai uku cikin huɗu sun yarda. Sai kuma a rubuta tun farko cewa in rikici ya tashi tsakanin biyu daga cikinsu, kan iyaka ko kan kuɗin kasuwa, ofishin zai janye, kowa ya nemi nasa na waje.

Kafin a kai ga wannan, akwai abin da ba ya bukatar doka ko sabon ma'aikaci. Kowace sakatariya ta buɗe rajista ɗaya ta shari'u: lambar ƙara, kotun da take, wanda ya kawo ta, abin da yake nema, lauyan da ke riƙe da ita, abin da aka biya shi, ranar zama ta gaba. Ma'aji ya zo da ita lokacin tsara kasafi, odita janar na ƙananan hukumomi ya nemi ganinta lokacin bincike, shugaba mai barin gado ya miƙa ta ga mai shigowa tare da makullan ofis. Jigawa ta saba wallafa kasafinta da rahoton oditocinta, don haka ƙara wannan shafi ba baƙon abu ba ne. Kansilan Ɗanzomo yana da ikon ya miƙe a zaman majalisa na gaba ya nemi a kawo ta.